Zanen Soron Kakanmu

Jiya na bi ta wani lungu a Yakasai, sai na ji warin makuba, ruwan ɓawon ɗorawar nan da ake kwaɓa ƙasar yaɓe da shi don ruwan sama kada ya ci bango. Nan take ƙirjina ya yi nauyi. Kai mai karatu, in ka taɓa kishin ɗan'uwanka na jini, ka san irin nauyin da nake nufi.

Kakanmu magini ne, kuma soron gidanmu shi ne abin kallon unguwa. Zankwaye huɗu a sama, rufin azara a ciki, fuskarsa cike da zanen dagi da takubba da Kaka ya fitar da yatsunsa. Duk bazara, kafin hadari ya fara haɗuwa, sai a sabunta yaɓen. Mu biyu ne jikoki maza sa'annin juna, ni da ɗan baffana. Tare muke tattaka ƙasa, tare muke ɗebo ruwa. Amma idan an zo kan zane, shi kaɗai Kaka ke kira ya hau tsani. Ni kuwa aikina riƙe tsanin.

Shekara nawa ina riƙe da tsanin nan ina kallon dugadugansa masu faso. Ba wani kyau ya fi ni ba, ko karatun allo na fi shi nisa. Wata rana na kasa daurewa na ce, "Kaka, ni ba ni da hannu ne?"

Ya dube ni yana dariya. "Kana da shi, abokina, sai dai hannunka na kasuwa ne. Ƙasa ba ta son mai gaggawa."

Wasa ya yi, irin na kaka da jika. Ni dai ban ɗauke shi wasa ba. Na haɗiye maganar, ta zauna mini a ciki har na yi gemu.

Kasuwar kuwa na shiga, Allah ya buɗa mini. Bayan rasuwar Kaka da iyayenmu, sai na tara 'yan gida na ce za a shafe soro da siminti, a huta da yaɓen kowace shekara. Ɗan baffana ya ce a hankali, "Ɗan'uwa, siminti ba ya zama a jikin ƙasa. Ruwa zai shiga ta baya ya rasa hanyar fita." Na ce masa zamani ya wuce shi. Gaskiyar magana, wadda ban taɓa faɗa wa kowa ba, so nake in daina ganin sawun yatsunsa kusa da na Kaka duk lokacin da zan shiga gida.

Damina uku simintin ya yi. A ta huɗu, da hantsi, fuskar soron ta zubo gaba ɗaya, ta tafi da zanen Kaka har dagin da ke saman ƙofa. Na tsaya cikin taɓo ina kallo.

Ɗan baffana bai ce mini "na gaya maka" ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Ya jiƙa makuba, ya kwaɓa ƙasa, ya yi wata biyu yana mayar da zanen daga kansa, babu hoto babu takarda. Tsofaffin unguwa suka zo suka ce kamar marigayi ne ya dawo.

Yanzu gidajen ƙasa sun yi ƙaranci a lungunmu, bulo da kwano sun cinye su. Ɗalibai kan zo su ɗauki hoton soronmu da waya, su tambayi wane ne mai wannan hannu. Ni nake nuna musu shi. Har yau idan na nuna, tsohon kishin nan yakan motsa mini.

A bazarar bana na tarar ɗan baffana zai hau yaɓe, gwiwoyinsa na rawa don tsufa. Ya waiwayo ya ce, "Ɗan'uwa, riƙe mini tsanin." Na cire babbar rigata na riƙe.