Littafin da Yayana Ya Ƙwace

Har gobe idan aka gan ni da littafin yaƙi a hannu, irin na mahaya da takubba da garuruwa masu ganuwa, sai an sami mai taɓe baki. Wai mace da furfurarta, malamar makaranta guda, tana karanta labarin sara da suka. To, a yi ta taɓewa. Na san inda na samo abin, kuma ba bari zan yi ba.

Babanmu baduku ne a Ƙofar Dumi. Bai yi boko ba, amma shi ke sayo littattafan nan a kasuwa ya miƙo mini. Yana ɗinkin fata ina karanta masa. Da jarumi ya zare takobi sai ya ajiye basilla ya ce, "Maimaita nan, Uwata." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka. Akwai guda ɗaya da bangonsa ya yage tun ina firamare, labarin wani mahayi da amininsa da suka tsare ƙofar gari bayan kowa ya gudu. Wannan kam mun karanta shi har Baba ya haddace.

Da tsufa ya zo, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Yayana ya ɗauko shi ya kawo shi gidansa a Ɗan Iya, ya ba shi ɗaki mai kyau, ba zan ce bai kyauta ba. Amma Baba ya daina magana. Likita ya ce harshen nauyi kawai ya yi, mu riƙa jan sa da hira. Ina hirar take? Masu dubiya su shigo su zauna, su ce Allah ya ƙara sauƙi da murya ƙasa-ƙasa, sannan su juyo su tambaye mu ko ya ci abinci, alhali ga shi nan kwance yana jin su. Wasu kuma su lallashe shi kamar jariri. Ya juya fuskarsa bango, kunu ma sai an yi da gaske yake kurɓa. Babban tsorona shi ne ya tafi a haka ban sake jin muryarsa ba.

Sai na tono tsohon littafin nan a ƙasan akwatina. Kullum aka tashi makaranta sai in nufi gidan Yaya, in zauna a gefen gado in karanta. Baba bai ce uffan ba, amma ya juyo da fuskarsa wajena, kuma ni a lokacin wannan ma ya ishe ni murna.

Ana haka wata rana bayan la'asar Yaya ya shigo ya tarar da mu ana tsakiyar gumurzu.

"Ke yanzu ba ki ji kunya ba? Mutum yana cikin wannan hali, maimakon ki tuna masa Allah, kin zo kina cika masa kunne da ƙarairayi?"

Na ce, "Yaya, wa ya ce maka ya manta da Allah? Ga carbinsa nan a hannu. Safe da yamma ana karanta masa Alƙur'ani, ni ma ina cikin masu karantawa. Wannan kuma abin da yake so ne."

"Baƙi suna shigowa. Me kike so a ce da mu?"

Ashe nan maganar take, abin da mutane za su ce. Ya fizge littafin ya tura aljihun babbar rigarsa ya fice. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Washegari na dawo hannu rabbana, na bar ƙofar ɗakin a buɗe, na ɗaga murya yadda duk wanda ke falo zai ji. An ƙwace takarda, ba a ƙwace kaina ba. Na ci gaba da ba da labarin da ka, daga inda muka tsaya. Na kawo wurin da abokan gaba suka yi wa ƙofar gari ca, inda mashi yake samun aminin nan. Na dubi Baba, duk ya rame, sai zuciyata ta karye. Na ce mashin ya kuskure shi, ya ɗan ji rauni a kafaɗa, aka yi masa magani ya warke.

"Ƙarya."

Muryar Baba ce.

"Ƙarya kike, Uwata." Kalmomin suna fitowa da ƙyar, gefen bakinsa na ja, amma faɗa yake yi mini sosai. "Mutuwa ya yi. A tsaye. Ki faɗa daidai, ni ba yaro ba ne."

Hawaye suka zubo mini, ga dariya kuma tana cina. Na waiwaya sai ga Yaya tsaye a bakin ƙofa, baki buɗe.

Na ce, "Ka dai ji da kunnenka. Ya ce a faɗa daidai. Kawo littafin."

Ya je ya ɗauko. Na buɗe shafin na karanta mutuwar yadda take, ban rage ko kalma ba, Baba yana gyaɗa kai.

Yaya bai taɓa cewa na yi daidai ba, har yau cewa yake ɓata lokaci ne, ni ma ban nemi ya yarda ba. Baba kuma bai tashi daga ciwon ba. Amma ya kai har damina yana magana: ya yi mana faɗa, ya ce miya ta yi gishiri, ya kori wani mai dubiya da ya cika shi da lallashi. Ranar da zai cika, Yaya ne ke riƙe da hannunsa yana shirin laƙƙana masa kalmar shahada. Baba ya riga shi, ya faɗe ta da bakinsa, duk muna ji.