Furen da Dattijo Zai Kai Kabari

A rumfar fure ta bakin tashar jirgin ƙasa ta Sasebo, a ƙasar Japan, nake kallon wani dattijo. Dogo ne, baƙar fata, kansa fari fat, ya sha kwat duk da zafin wannan wata na ziyarar kaburbura. Yana zaɓen fararen furanni a tsanake, yana juya kowanne kamar mai sayen kifi.

Mijin mai rumfar ya ƙwala mata kira: "Fusae, ga gaijin yana jiranki!"

Ta harari mijin. "Kai dai tsohon nan ba ka da kunya! Gaikokujin ake cewa yanzu."

Gaijin bare ke nan, gaikokujin mutumin wata ƙasa. Na biyun da ladabi, na farkon babu, amma duka a bakin ƙofa suke barin mutum.

Dattijon ya tambayi kuɗin da irin harshenmu na unguwar masunta. Fusae ta tafa hannu. "Iye, Baba, ka iya Japananci haka! A ina ka koya?"

Ya yi murmushin wanda aka yi wa tambayar nan tun yana goye. Ina jin ubansa baƙon sojan ruwa ne da jirgi ya tafi da shi, shi kuwa nan aka yanke masa cibiya.

Ya rusuna. "Wurin mahaifiyata. Ita zan kai wa furen."

Fusae ta ƙara masa fure ɗaya a ƙunshin.

Yana ba da baya mijin ya gyaɗa kai. "Gaijin ɗin nan akwai ladabi."