Godiyar da na aika

Ranar Talata, ƙarfe bakwai da rabi, ina rubuta kwanan wata a allon lakwal, makarantar bokon ƙauyenmu, arewa da Filinge. Shekarar farko ce ta mulkin soja. Habsu mai ƙosai tana bakin ƙofa tana zagin awaki.

Takwas saura kwata muka ji babura. Sai harbi daga wajen rijiya. Wani ya ƙwala: "Mushe, gudu! Kai suke nema!" Mushe ni ke nan, haka ake kiran malamin lakwal a wajenmu. Na fitar da 'yan aji ta taga, na bi bayansu.

Muka kutsa cikin karan hatsi, ni da Habsu da wasu huɗu. Da azahar muka kai ruggar wani makiyayi, Bello. Ya sa mu bukka, ya kawo nono. Bai tambayi sunan kowa ba.

Habsu ba ta san ko baƙi ɗaya ba. Ta ciro 'yar wayarta mai maɓallai, ta kira ƙanenta direba a Baleyara. Ta ce: "Ina inda muka sayi man shanu bara." Shi ke nan. Ta zare layin, ta ƙulle a bakin zane. A raina na ce, kaico, jahilci.

Ni kuwa mai ilimi ne. Na shiga zauren 'yan garinmu na waya, inda rabin mutanen ban san su ba. Na yi saƙon murya na minti huɗu, da gabatarwa da kammalawa. Na faɗi sunana da muƙamina, na kwatanta hanya tiryan-tiryan. Don kada a ce ban da ladabi, na gode wa Bello da sunansa da na mahaifinsa.

Da la'asar motar ƙanen Habsu ta iso, ta kwashe mu duka. 'Yan zaurena addu'a suka aiko, suka tura saƙon gaba.

Kwana biyu bayan nan, a tashar Filinge, na ji muryata tana fita daga wayar wani baƙo. Nan aka faɗa mini masu baburan suna tare hanya, su karɓi wayoyi, su zauna su saurara.

Yanzu Habsu tana suyarta a Baleyara. Ta yi ƙiba. Tana dariya har da tafi, tana ce mini, "Mushe, ci mana, ka rame." Ina kallonta ina jin haushi. Shekara ashirin ina koyar da yadda ake tsara magana, ga wadda ta iya ta, ko makin da zan rage mata babu.

Ranar Juma'ar makon da muka gudu, da hantsi, masu baburan suka je ruggar. Bukka uku aka ƙone. An kora shanun duka. Matar Bello tana wurin danginta a Bonkuku. Bello ba a ga gawarsa ba, sai sandarsa da takalmi ƙafa ɗaya.