Ciyawar Ƙofar Gidan Malam Muttaka

Malam Muttaka ya yi shekara talatin da biyu yana koyarwa a firamare, daga Bukkuyum zuwa Anka, kafin ya yi ritaya ya gina gida a wata sabuwar unguwa da ke bayan garin Gummi. Mutum ne mai son tsari. Da mazauna unguwar suka kafa ƙungiya, shi suka zaɓa shugaba, suka damƙa masa makullin rijiyar burtsatsen da suka haƙa tare.

Shi ya kawo dokar cewa kowa ya shuka ciyawa a ƙofar gidansa, wanda ya bari ta bushe a ci shi tara. Unguwa ta yi kyau, har baƙi kan tsaya kallo.

Sai aka yi shekarar da damina ta makara, ruwan rijiya ya ja baya. Ƙungiya ta yanke cewa jarka huɗu kowane gida zai ɗiba a rana, don sha da girki kawai. Malam ne ya rubuta sanarwar da hannunsa, amma dokar ciyawa bai taɓa ta ba. Tasa ciyawar kuwa, ya kasa zuba ido ta mutu. Da rana tsaka, in zafi ya kora mutane cikin gida, sai ya buɗe famfo ya ɗebi bokiti uku ya yayyafa mata.

Matarsa Husaina ta ce, "Malam, wanga abu ba shi da kyau."

Ya ce, "Ɗan kaɗan ne."

Ciyawar da ta fara bushewa ita ce ta Susan, ma'aikaciyar jinya 'yar Kaduna da ke haya a ƙarshen layi. Malam ya aika mata takardar tara. Ranar taro ta zo da takardar, ta gaishe da kowa, ta tsaya.

"Baba, kun ce kada a yi ban ruwa, ban yi ba. Yanzu kuma kun ce in biya don ban yi ba. Wacce zan bi? Ko ku koya mini yadda taku take kore shar, ni ma in yi."

Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya fi yi masa ciwo. Barau tela, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, ya sunkuyar da kai, sai Malam ya gane ba Husaina kaɗai ta sani ba. Girmansa ake gani, shi ya sa ba wanda ya tona.

Ya daɗe yana murza hularsa kafin ya ce, "Da ruwanku nake ba ta. Ku yafe mini."

A zaman nan ya nemi a rubuta cewa duk lokacin da aka taƙaita ruwa babu tarar ciyawa, sai wata biyu bayan ruwan sama ya zauna. Aka amince. Ya yaga takardar Susan, ya miƙa wa Barau makulli. Suka ce ya ci gaba da shugabanci, ya ƙi.

Har yau in Susan ta durƙusa tana gaishe shi, yakan amsa da sauri, idonsa a ƙasa. Sallar la'asar ma ya koma yin ta a masallacin bakin titi, ya yi kusan shekara kafin ya dawo na unguwa.