Cigiyar da Bawa Mai Rediyo Bai Goge Ba

Shekara goma sha huɗu ke nan da muka kai Bawa Mai Rediyo makwancinsa a Jega, amma har yau in na baro gari na nufi Aliero, hannuna kan tafi kan rediyon mota da kansa a daidai wata tsamiya da ke bakin hanya. A nan muryarsa take fara shaƙewa a da. In ka wuce tsamiyar sai shuu, in ka hau tudu ta dawo maka da rabin magana, daga nan kuma shi ke nan. Ni direba ne, ɗan Maiyama mazaunin Jega, kuma Bawa abokina ne tun kafin a ba mu jiha. Na ɗauki alƙalami ne saboda matasan da ke shiga motata yanzu ba su yarda cewa an taɓa yin gidan rediyo a cikin shagon gyara ba, in na faɗa musu dariya suke yi mini.

Bawa mai gyaran rediyo ne, siriri, mai ƙarancin magana, kullum yatsunsa da tabon ƙunar dalma. A farkon shekarun Jihar Kebbi, lokacin da kowa ke ɗokin sabon abu, shi ma ya ce Jega ta isa a ji muryarta. Ya harhaɗa wani akwati daga kayan matattun rediyoyi, ya ɗaura eriya a kan doguwar gora, ya kafa ta a saman kwanon shagonsa. Ran da ya fara gwadawa, mai shayin da ke gefensa ne kaɗai ya kama, shi ma sai da ya riƙe eriyar rediyonsa da hannu. Mun yi masa tsiya iya son ranmu, muka ce in da ya leƙo ta taga ya yi magana da an fi jin sa. Shi kuwa ya hau kwano ya ƙara gora.

Da sannu tashar ta kama gari, ta leƙa Kimba, wani lokaci har Birnin Malam. Ni ne ma'aunin nisanta. Duk sanda na dawo daga hanya, kafin ya amsa sallamata zai ce, "Direba, ina tat tsaya yau?" In ce tsamiya. Ya girgiza kai kamar tsamiyar ce ta yi masa laifi.

Matsalarsa ita ce ba shi da lokacin zama gaban makirfo. Yana da gyara, yana da gona a Kimba, ga iyali. Sai na kawo masa rikodar wata tsohuwar mota, irin mai juya kaset da kanta in ya kai ƙarshe. Ya jona ta da akwatin ta yadda da an kawo wuta komai zai tashi ba tare da an taɓa shi ba, in an ɗauke kuma ya tsaya a inda yake. Da safe ya ɗauki abin da zai ɗauka a kaset, karatun malaman gari, sanarwar suna da ɗaurin aure, da cigiya, ya rufe shago ya tafi sha'aninsa. Tashar ba ta da lokacin buɗewa balle na rufewa. Kana iya kwana biyu ba ka ji ta ba, kana tsaka da cin tuwo kuma ka ji Bawa ya ci gaba da maganar da ya fara shekaranjiya.

Wannan tsari ya jawo abin dariya ba sau ɗaya ba. An taɓa samun dattawa sun yi wanka sun sa manyan riguna sun nufi gidan suna, suka tarar da jaririn har ya fara zama, domin tsohon kaset ne ya koma ciki. Tun daga ranar nan, Bawa ya zama mai tsanani wajen goge sanarwar da lokacinta ya wuce. Abu ɗaya ne ba ya gogewa, shi ne cigiya. Ko akuya ce, ko mutum, in ka kawo masa to tana nan, in kaset ya tsufa ya kwafe ta a sabo, har sai wanda ya kawo ta ya dawo da ƙafarsa ya ce an gani ko ya ce ya haƙura. Mutane sun ɗauki wannan taurin kai ne kawai, ni ma haka na ɗauka har abin ya zo gidanmu.

Mahaifina, Baba Dikko, ya yi fatauci da jakuna a ƙuruciyarsa. Da tsufa ya kama shi hankalinsa ya fara gushewa, sai na kwaso shi da Inna daga Maiyama na dawo da su wurina. Kullum maganarsa ɗaya, zai koma gida. Wata ranar kasuwa ya sulale daga zaure, aka neme shi aka rasa. Tunda gida yake ambato, gida kuwa Maiyama ne, dukkanmu muka yi kudu. Na bi hanyar nan a mota da ƙafa, ƙauye bayan ƙauye, masallaci bayan masallaci. An kai sanarwa babban gidan rediyo, sun karanta yadda aka yi alkawari, suka wuce zuwa ta wasu, kuma ba laifinsu ba ne, haka aikin yake.

Inna ce ta yafa mayafinta ta je shagon Bawa da kanta. Ina tsaye lokacin da ta fara kwatanta rigar da ya sa, Bawa ya dakatar da ita cikin ladabi. "Inna, riga ana canza ta. Hwaɗa min abin da ba ya canzawa gare shi." Sai ta ce ƙaramin yatsansa na hagu guntu ne, igiyar jaki ta cinye shi, kuma duk wanda ya gani sai ya tambaye shi ko an ba jakuna ruwa. Da Bawa ya zo ɗauka, na lura da wani abu da ban taɓa kula da shi ba. Bayan kowace alama guda sai ya ce a zo shagon Bawa a Jega, sannan ya faɗi ta gaba, ya sake cewa a zo shagon Bawa a Jega. Na ce masa ya cika maimaici. Ya ce shi ya san tasharsa, babu mai jin ta daga farko har ƙarshe, don haka duk guntun da mutum ya tsinta dole ya ishe shi ya san inda zai nufa.

Makonni suka shuɗe, damina ta sauka, babu labari. Gari ya gaji da cigiyar. Mahauta a kasuwa sun haddace ta, wasu har suna rigan Bawa faɗin ƙarshenta. A gida kuma duk sanda wuta ta zo muryar ta tashi, sai Inna ta bar abin da take yi ta zauna tana share ido da bakin zane. Yayana Sule ya zo daga Maiyama ya ce abin ya isa, a yi wa tsoho addu'a irin ta wanda ya riga mu, a bar tsohuwa ta huta. Ba mugunta ce ta sa shi ba, tausayi ne, kuma dangi da yawa suna bayansa. Ya je ya sami Bawa ya ce a cire.

Bawa ya ajiye abin da yake gyarawa. "Yaya Sule, wa yak kawo cigiyar ga?"

"Inna ta."

"To, ita za ta zaka ta ce in ɗebe. In ta ce, yanzu-yanzu ni ka goge ta."

Sule ya fita ransa a ɓace, ya ce bai taɓa ganin mai gyaran rediyo da ya mai da kansa alƙali ba. Da aka kai wa Inna maganar, ta ce ita ba ta ga gawa ba, kuma ƙafarta ba za ta taka shagon nan don wannan ba. A lokacin ni kaina ban san wa zan bi ba, tsoro nake ji kada mu yi ta azabtar da ita a kan abin da ya riga ya ƙare.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, gari ya yi luf, aka kawo wuta. Bawa yana gona a Kimba, shago a kulle, kaset ya tashi shi kaɗai. Ban san ilimin abin ba, Bawa ya ce sanyin iska da danshi kan ɗauki murya su kai ta nesa, amma a ranar tashar ta tsallake tsamiya ta isa har cikin Aliero. A gidan wani mai ɗori, cikin masu karaya da ke kwance a rumfa, akwai wani manomin albasa da zaman jinya ya gundure shi, yana ta murɗa rediyo. Abin da ya tsinta bai fi numfashi biyu ba: tsoho mai tambaya ko an ba jakuna ruwa, a zo shagon Bawa a Jega. Sai muryar ta ɓace. Ya juya ya dubi tabarmar da ke kusa da tasa, inda wani tsoho da ba a san danginsa ba yake yi masa wannan tambaya kowace safiya.

Ashe Baba da ya ce gida, ba hanyar mota yake nufi ba. Tsohuwar hanyar da yake bi da jakuna zuwa Aliero ya kama, ya faɗa wani rami ya karye a ƙugu, masu wucewa suka kai shi inda ake kai duk mai karaya a ƙasarmu. Mai ɗorin ya riƙe shi saboda Allah, ya yi tambaya a masallatan garinsu, amma in an ce wa Baba daga ina, sai ya ambaci sunan ubangidansa da ya rasu tun ban zo duniya ba. Saƙo ya biyo wani direba zuwa Jega, ya tarar da shago a rufe, ya bar wa mai shayi, mai shayi ya same ni a tasha.

Da na isa Aliero na durƙusa a gaban Baba, bai gane ni ba. Ya dube ni da kyau, ya ce, "Yaro, an ba jakkan ga ruwa?" Na ce, "An ba su, Baba." Na yi kuka a gaban mutane ban ji kunya ba, kuma ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Ya ƙara shekaru a cikinmu, ya rasu a ɗakinsa, Inna tana gefensa, muka san kabarinsa. Washegarin dawowarsa Inna ta sake yafa mayafi ta je shago, Sule yana biye da ita kansa a ƙasa. Ta ce, "Bawa, an gane shi." Ya ce alhamdu lillahi, ya goge a gabanta, bai ko kalli Sule ba balle ya ce ai na faɗa.

Nakan tambayi kaina me Bawa zai ce da ya ga yau. Na san zai so wayar nan, zai kwance ta a ranar farko don ya ga cikinta. Hoton wanda ya ɓace a Jega yanzu kan isa Legas kafin a yi sallar azahar, abin da gorarsa ba ta taɓa mafarkinsa ba. Amma na san abin da zai ɓata masa rai. Ana tura cigiya yau, gobe wani labari ya danne ta, ba mai sake waiwayarta. Wata kuma takan yi ta yawo shekara da shekaru bayan an ga mai ita, saboda ba wanda ya ɗauki nauyin dawowa ya ce an gani. Muryarmu ta yi nisa, amma ban ga wanda ya tsaya a bayanta yadda Bawa ya tsaya a bayan tasa ba.

Tashar ta yi ta raguwa bayan zuwan waya, amma bai kashe ta ba har ciwon ajali ya kwantar da shi. Muna zaman makoki a ƙofar gidansa aka kawo wuta, sai ga muryarsa daga rediyon da mai shayi ya zo da shi tana cewa a zo shagon Bawa a Jega. Babu wanda ya motsa, har aka sake ɗaukewa. Daga baya iyalinsa suka ba ni kaset ɗin ƙarshe. Na saurare shi, na tarar cigiya ɗaya ce ta rage a ciki, wadda ya yi ta kwafa daga kaset zuwa kaset tsawon shekaru. Wata mata ce daga Jandutsi take neman ƙanenta kurma, mai tabon ƙuna a wuya, wanda in ya ga tattabaru sai ya tsaya yana tafa musu. Na je Jandutsi nemanta, aka ce ta bi mijinta sun bar garin tuntuni.

Shagon yanzu wurin cajin waya ne, gorar ta daɗe da zama itacen girki. Bawa bai bar gini ba, bai bar dukiya ba, kuma ban yi zaton akwai ofishin da ya san ya taɓa yin tasha ba. Abin da ya bari shi ne a gidanmu mun binne ubanmu da hannunmu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ɗana ya kwafe mini kaset ɗin a memori, ina sa shi a mota in mun ɗauki hanya. Kwanakin baya wani matashi a kujerar gaba ya gaji, ya ce, "Baba direba, wagga cigiya ta yaushe ta?" Na ce ta girme shi. Ya ce to me ya sa ba zan cire ta ba. Na ce mai ita ba ta zo ta ce an gani ba. Daidai lokacin muka iso tsamiya, na ƙara murya, muka wuce da ita zuwa Aliero.