Tsofaffin da ke cikin wayar autana

Matar autana ce ta fara faɗa mini, ranar da ta zo taya ni wanki. Ni da, in na ga babban yatsansa na ta danna waya, ɗauka nake carbin zamani ne. Har fariya na yi wa maƙwabciyata, na ce yaron nan bakinsa shiru amma hannunsa na ambaton Allah. Matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce wasa ne, hoton biskit yake dannawa yana ƙaruwa.

Autan nan nawa tela ne. Tun yana ƙarami shi ke zura mini zare a allura, shi ya sa ubansa, Allah ya jiƙansa, ya kai shi koyon ɗinki. Ba shi da hayaniya. Kullum bayan la'asar sai ya ja ƙofar shago ya zo bakin gadona, ya matsa mini ƙafafu, ni kuma in ba shi labarin unguwa. Bai daina zuwa ba, amma hannu ɗaya ya zama nawa, ɗayan na waya.

Na tambaye shi wa ke cin biskit ɗin, ya ce ba a ci. Wai da shi ake ɗaukar ma'aikata su ƙara gasa wani. Ya nuna mini su. Tsofaffin mata ne reras, kai fari fat. Wai ba sa gajiya, ba sa ciwon gwiwa, har sababbin kayan aiki yake sauya musu.

Wallahi sai na janye ƙafata.

Na ce, "Tashi ka je wurinsu. Su suka goya ka?"

Ya ce, "Haba Umma, zane ne fa."

"Zanen ma ka fi kallon fuskarsa."

Washegari da ya shigo, shi da kansa ya miƙo mini wayar, na cusa ta ƙarƙashin filo. Hannu biyu ya sa ya matsa mini ƙafafu. Na yi ta sa masa albarka, na ce ashe yana iya rabuwa da su. Yaron nan bai iya ƙarya ba. Ya ce ai ko ba ya kusa aikinsu suke yi, in ya ɗauki wayar zai tarar sun tara masa.

Na yi istigfari, don saura kaɗan in yi musu baki. Har yau haka muke. Da la'asar shi yana wurin ƙafafuna, ni na danne tsofaffin da kaina, su kuwa suna can ƙarƙashin filo suna ta gashi.