Rogon Daji a Yolde Kohi

Shekarar da mutanen Mubi da Michika suka gudo Yola, mu fiye da ashirin muke kwana a gidana na Luggere, ɗaki biyu da falo. Ƙanena ba ya cikin waɗanda suka iso. Kullum da safe sai in kira lambarsa, a ce a kashe take, in ajiye wayar in ɗora ruwan koko. Ban yi kuka ba a watannin nan. Abin da ya zo gabana kawai nake yi.

Ni malamar gona ce. Wata ƙungiya ta ari fili a Yolde Kohi don yaran ƙauyuka da gudu ya raba da makaranta, a koya musu lambu da rainon itatuwa a fili, ba a aji ba. Ofis ya tura ni. Muka cika ledoji da ƙasa da taki, muka shuka zogale da darbejiya. Yaran ba sa surutu. In na ce a ɗebo ruwa sai su ɗebo. In na ce a huta sai kowa ya zauna a inda yake tsaye.

A takardar da aka ba ni akwai darasin tsirran daji. Da damina ta zauna sai na ja su bayan gonaki. Na nuna musu tafasa, na nuna yaɗiya, ina bayani suna kallon ƙasa. Can sai wata doguwar yarinya daga wani ƙauyen Michika, ba za ta wuce sha huɗu ba, ta tsuguna ta tono wata saiwa da tsinke.

"Malama, kin tsallake wannan," in ji ta.

"Mene ne?"

"Rogon daji. Sai an yanka, a jiƙa kwana uku ana canja ruwa. Mu ba mu samu kwana uku ba."

"A ina?"

"A kan dutse, da muna ɓuya. Mama ya dafa haka nan. Ni na yi amai na tashi. Ƙanwata bai tashi ba."

Ta faɗe shi kamar mai kwatancen hanyar kasuwa. Wata a bayanta ta ce a wajensu da toka ake jiƙawa, kwana biyu sun isa. Aka ce ƙarya ne, uku ne. Gardama ta kaure. Ranar na fara jin muryoyinsu da ƙarfi. Ni kuwa na buɗe littafina na rubuta: kwana uku, ko biyu da toka. Na san ya kamata in dafa kafaɗar doguwar yarinyar, ko in ce wani abu. Abin da nake ji kawai shi ne takalmina na matse mini yatsa.

Daga ranar na daina shiga gaba. Su suke nunawa, ni ina rubutawa: ganyen da ke tsayar da zawo, inda ake tona rairayin rafi a sami ruwa. A cikin makonnin nan wani direba ya zo gida ya ce yana cikin waɗanda suka binne ƙanena a bakin hanya. Aka yi zaman kwana uku, na koma lambu.

Damina biyu shirin ya yi. Da hanya ta buɗe yawancin yaran suka koma garuruwansu, mai filin ya yanka shi fuloti.

Doguwar yarinyar nan ba ta koma ba. Bara na gan ta a bakin titi a Jimeta, da goyo, ta jera dashen mangwaro da gwaiba a ledoji tana sayarwa. Ita ta gane ni. Ta rusuna, muka gaisa, ta tambayi gida, na tambayi mamanta, ta ce tana nan. Ta sa mini gwaiba biyu a Keke Napep ɗin da na hau. Na dasa su a bayan kicin. Ɗaya ta kama.